Baƙin taɓon ƙasan tabki

Duk wanda ya taɓa haƙar laka a tabkunan Korama, nan ƙasar Matameye, ya san ba launi ɗaya gare ta ba. Ta sama toka-toka ce. In aka nutsa ƙasa sai a tarar da baƙin taɓo mai santsi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kama ƙafa har sai an cuɗa da yashi.

Ganye da gansakuka da kashin dabbobi ne ke nutsewa can. Ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kuma in ruwan a kwance yake, na sama ba ya gauraya da na ƙasa, sai iskar ta ƙare. Ruɓa ta tsaya rabi, abin ya taru ya yi baƙi. Shi ya sa a lokacin zafi za ka ga tarwaɗa na leƙowa tana haɗiyar iska, karfasa kuwa, da ba ta da wannan dabara, ta juyo ciki sama.

Teku ma ya sha shiga wannan hali. Masu haƙo ƙasan Bahar Rum ta gabas suna ciro laka mai zane-zane, fari sannan baƙi, fari sannan baƙi, kuma tazarar baƙaƙen layukan ta kan kai wajen shekara 21,000. Wannan lissafi daga sama ya fito. Duniya ba ta juyawa a miƙe cak, tana tangaɗi a hankali kamar katantanwar yara in ta fara gajiya. Wani masani ɗan Sabiya, Milutin Milankovitch, shi ya shafe shekaru yana lissafa yadda wannan tangaɗi, da karkatar duniya mai zagayen shekara 41,000, da sauyin hanyarta mai shekara 100,000, ke canza rabon zafin rana.

A yau duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, muna tsakiyar hunturu. Shekara 11,000 da suka wuce kuwa, saboda wannan tangaɗi, kusancin yana faɗowa ne a watannin damina. Ƙasa ta ƙara zafi, ta janyo iskar ruwa daga teku da ƙarfi, damina ta haura har cikin Sahara. Tafkin Chadi ya yi faɗin da ya haura murabba'in kilomita 300,000. A Gobero, gefen yammacin Tenere, inda yanzu rairayi ne iya ganinka, an tono ƙasusuwan dorina da manyan kifaye tare da kaburburan masunta. Ruwan saman nan ya cika kogin Nil, Nil ya kwarara ruwan daɗi cikin Bahar Rum. Ruwan daɗi ya fi na gishiri sauƙi, sai ya zauna a sama ya rufe, na ƙasa ya shaƙe. Albarkar Sahara ita ce ajalin kifin can.

Babbar shaƙewar ta auku shekara miliyan 94 baya, lokacin da ƙasan tekuna da yawa ya rasa iska. Aman wutar duwatsu ake ɗora wa mafi yawan laifin, amma a cikin duwatsun zamanin ana ganin sawun wannan tangaɗi, yana tsananta abin yana sassautawa. A wancan zamani teku ne kwance a kan wani yanki na Nijar, kuma har yau ana tsintar ƙwansunan halittun ruwan gishiri da suka zama dutse a Damargu, wajen Tanut.

Irin wannan baƙar laka, in ƙasa ta danne ta, zafi ya dafa ta shekaru miliyoyi, ita ke komawa man fetur. Na Agadem ta haka ya samu, shi ne matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, ɗan kabu-kabu ya ɗura a tanki ya kai ka kasuwa.