Yabonmu Ya Zama Inuwar Giginya

Duk wanda rana ta taɓa kora gindin giginya ya san gaskiyar Bahaushe da ya ce, "Giginya, na nesa ka sha inuwarki." Ganyenta na can ƙoli, sai inuwar ta tsallake na kusa ta sauka nesa. Haka yabonmu yake a harkar ƙwallon ƙafa.

Shiga gidan kallon ƙwallo a Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato ranar Asabar. Saurayi zai jero maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci. Amma ka ce ya kawo sunan mutum uku da suka taka leda a filin wasa na Giginya kafin a haife shi, sai ya yi tsit. Alhali wasunsu na nan cikin Sakkwato, suna ɗingishi da gwiwar da ƙwallo ta cinye.

An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Sai a 1990 aka kafa gasar ƙwararru. 'Yan wasan wancan zamani sun sha doguwar tafiya a mota kan ɗan alawus, ba inshora, da wuya a samu mai ɗaukar wasansu a bidiyo. Tarihinsu a bakin tsofaffi kawai yake, duk dattijon da ya rasu kuwa da nasa kason yake tafiya.

Ko manyan taurari ba su tsira ba. Gidajen da aka yi wa Super Eagles alkawari bayan kofin Afirka na 1994, sai a 2021 aka amince a ba waɗanda suka rage ba su samu ba. Kafin nan, daga cikin 'yan wasan, Rashidi Yekini ya rasu a 2012, Stephen Keshi a 2016. To ina ga wanda sunansa bai wuce jiharsa ba?

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar ƙwallo ta jiha ta tattara sunayen tsofaffin 'yan wasanmu da hotunansu a kafe a Giginya. Rediyon Rima ya naɗi hirarsu. Duk ranar da Sokoto United ke wasa a gida, a gayyato su, a kira sunansu jama'a su tafa, masu hali su ɗauki nauyin maganin marasa lafiyarsu.

Kai kuma mai karatu, in akwai irinsu a unguwarku, je ka gaishe su tun suna raye. Waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama.