Ganuwar Da Teku Ke Ci: Me Ya Wajaba A Kanmu?

A yammacin ƙasar Ailan, cikin gundumar Kerry, akwai wata tsohuwar ganuwa da ake kira Dunbeg. Mutanen dā sun zaɓi wani tsauni da ya miƙa kai cikin Tekun Atlantika, ruwa ya tsare musu gefe uku, su kuma suka datse gefen tudu da ramuka da tulin ƙasa da katangar duwatsu. Abin da masu haƙar tarihi suka tono a 1977 ya nuna an zauna wurin tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

To, tekun nan da ya ba su tsaro shi ke cinye aikinsu. A watan Janairu na 2014 wata guguwa ta zabtare wani ɓangare na katangar, ya rufta cikin ruwa. Gwamnati ta daɗe da sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa, wato doka ta hana kowa taɓa shi. Amma wa zai kai igiyar ruwa ƙara? Ganuwar Kano dai mun san masu yankan ta su yi gida, muna da wanda za mu zarga. A Dunbeg kuwa babu mai laifi.

Nan ne tambayar take, ya kai mai karatu. Wasu na ganin girmama magabata shi ne a bar wurin yadda suka bar shi, ko da teku zai kwashe shi. Wasu kuma sun ce a tona, a auna, a rubuta tun da sauran lokaci. Sai dai kada mu manta, tonon nan shi ma rushewa ne, domin ƙasar da aka ɗaga ba ta komawa yadda take, kuma mai yiwuwa masanan gobe su fi na yau kayan aiki da basira.

A ganina, inda ganuwa take zaune lafiya, a bar wa na gobe rabonsu. Inda kuwa teku ya riga ya fara ci, jira ba ladabi ba ne, sakaci ne. Mutanen nan ba su bar mana rubutu ko suna ba. Murhunsu da ƙasusuwan dabbobin da suka ci su ne kaɗai bakinsu. Duk taku ɗaya na gaɓa da ya faɗa ruwa ba a duba shi ba, da shi wannan shaida ke tafiya, kuma kowane hunturu a Kerry yana zuwa da tasa guguwar.