Haɗamar Ido da Kunne

Ina son kallon talabijin, ina son jin waƙa, kuma har gobe in na sami abokin karawa ba na ƙin ɗaukar hannun gem mu fafata a wasan ƙwallo. Na fara da faɗin haka ne don kada a zaci ina cikin masu ganin duk wani nishaɗi ɓata lokaci ne. Mutum ya wuni yana fama da neman na tuwo, ya dawo gida ya miƙe ƙafa ya yi dariya, wannan haƙƙinsa ne. Abin da ke damuna wani hali ne da ya shigo mana ta wannan ƙofa, wato haɗama. Mun san mai haɗama a gaban akushi, wanda ke kai loma ta biyu tun bai haɗiye ta farko ba, ya tashi cikinsa ya cika amma bai ji ɗanɗanon miyar ba. Yau da yawanmu haka muke yi da ido da kunne.

Ka zauna kusa da wani matashi a cikin A Daidaita Sahu, ka lura da babban yatsansa. Waƙa ta fara, kiɗa ya ɗan tashi, kafin mawaƙin ya gama baitin farko yatsa ya ture ta. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Daga Kabuga zuwa Bata zai iya taɓa waƙoƙi masu yawa ba tare da ya ji ƙarshen ko ɗaya ba. A wayarsa akwai ɗaruruwa da mai tura waƙoƙi ya zuba masa a memori, ga Audiomack, ga Boomplay, ga Spotify da ya iso Najeriya a 2021. Kullum zuciyarsa na raya masa cewa wadda ke gaba ta fi wannan.

Kuma halin nan yana komawa kan mawaƙan da kansu. A Spotify, sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 ake lissafa ta a matsayin an ji, daga nan ne kuɗin mawaƙi ke fara shiga. Mawaƙin da ya san haka dole ya jawo amshi ya kawo shi gaba, ya rage shimfiɗa, ya taƙaita waƙar, don tsoron yatsan nan. To ka tuna yadda Mamman Shata ke gina waƙa. Kalangu zai fara, 'yan amshi su kama, shi kuma yana tafe a hankali yana jefa magana ɗaya bayan ɗaya, sai an yi nisa sannan zai kai ka inda yake so. Haka Narambaɗa da kotsonsa, haka Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Wanda ba zai iya haƙurin minti biyu ba, ba shi da rabo a cikin irin wannan waƙa, kuma ba zai ma san abin da ya wuce shi ba.

A da, ba mu muke yi wa kanmu iyaka ba, abin ne ke zuwa da iyakarsa. Kaset na ƙarewa, sai ka tashi ka juya shi. Tun daga gidan talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 har zuwa zamanin NTA da aka kafa a 1977, tasha na buɗewa ne da yamma, in dare ya yi a sa taken ƙasa a rufe. Samanja Mazan Fama na zuwa a ranarsa, in ya wuce sai wani mako. A cikin wannan makon ne ake cin moriyar shirin: yara na kwaikwayon tafiyar Samanja a tsakar gida, manya na maimaita barkwancinsa a majalisa. Rabin daɗin yana cikin jiran.

Yanzu an cire iyakar, kuma da gangan aka cire ta. A 2013 Netflix ya saki zango guda na shirin House of Cards gaba ɗaya a rana ɗaya, wasu kamfanoni suka bi sahu. Kashi na ƙarewa, kafin ka miƙa hannu na gaba ya fara da kansa. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili a 2017 cewa barci na cikin manyan abokan gasarsu. Ban ga laifinsa da ya faɗi gaskiyar kasuwarsa ba. Mu ne ya kamata mu ji maganar da kyau, domin barcin namu ake nufi. Ina jin daɗi da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So suka saba mana da kashi ɗaya a mako, ko da yake akwai masu tara su, su zauna dare guda su kwashe, suna tsallake duk inda babu faɗa ko kuka. Ka tambaye su me ya sa wance ta yi fushi, sai su ce su dai sun ga ta yi yaji.

Wannan ne ya fi min ciwo. Marubuci ya kwana yana auna magana, ɗan wasa ya maimaita fitowa guda har sai da fuskarsa ta faɗi abin da baki bai faɗa ba, sannan mai kallo ya ninka gudun bidiyon, rabin hankalinsa kuma na kan WhatsApp. Taura biyu ba ta taunuwa. Ya zalunci masu aikin, shi ma bai tsira da komai ba.

A wasan gem abin ya fi fitowa fili. A gidan gem na unguwa kana biyan kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba na layi wuri, aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Akwai ihu, akwai tsokana, akwai abota. Wasannin waya da yawa kuwa an tsara su ne ba su da ƙarshe: kyautar yau in ka shiga, wata kyautar gobe, rai ya ƙare a ce ka jira ko ka saya. Wasu ma suna sayar da akwatin sa'a wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, abin da hukumar caca ta Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar kamuwa da gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta kuma fayyace cewa ba kowane mai wasa take nufi ba, sai wanda ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. China ta bi ta hanyar doka a 2021, ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Doka na iya riƙe hannun yaro. Magidanci mai iyali kuwa babu gwamnatin da za ta shigo ɗakinsa ƙarfe biyu na dare ta karɓe wayar.

Na san akwai uzuri, kuma ban raina shi ba. Wanda bai san yaushe za a ɗauke wuta ba, in an kawo yana so ya ci rabonsa duka. Wanda kuɗin data ya yi masa tsada, garaɓasar tsakar dare ita ce damarsa. Rashi kan koya wa mutum wawura. Amma ana iya sauke shiri da dare a kalle shi da rana, kuma ba garaɓasa ce ke sa mutum ya amsa wa matarsa da "uhm" sau uku idonsa na kan allo ba, ba ita ke sa a makara sallar asuba a tafi aiki ido ja wur ba. Uwargida da ta haƙura ta daina ba da labarin yininta, da yaron da ya kawo littafinsa aka ce masa "bari in gama wannan", su ne ke biyan kuɗin da ba a rubuta a rasit ba.

Abin da na ga yana aiki ba shi da wahala. A YouTube da Netflix da Spotify duk akwai wurin kashe ci-gaba-da-kansa, yana cikin saiti, mutane ne ba sa nema. Mutum ya zaɓi abin da zai kalla tun kafin ya kunna, maimakon ya kunna sannan ya fara lalube. In waƙa ce, a bar mawaƙi ya kai aya. In gem ne, a yanke yawan wasan da za a buga kafin a fara, lokacin da hankali ke kwance, domin wanda aka zura wa ƙwallo a minti na ƙarshe ba ya iya yanke hukunci mai kyau.

A gidanmu kashi ɗaya muke kallo tare, a kashe akwatin. Yara kan yi ƙorafi na ɗan lokaci, daga nan sai gardama ta ɓarke a kan wane ne mai gaskiya a cikin shirin, uwarsu ta goyi bayan wannan, babbar 'yar ta ce sam ba haka ba ne, ƙaramin ya tashi yana kwaikwayon yadda mugun ya yi magana. Sau da yawa gardamar kan fi shirin tsawo.