Iyakar Wasan Kwaikwayo: Tsakanin Tashe da Bori

Tun zamanin Aristotle, wanda ya ɗauki kwaikwayon aiki a matsayin ginshiƙin wannan fasaha, masana suke muhawara a kan abin da ya cancanci a kira shi wasan kwaikwayo, kuma muhawarar ta ƙara zafi ne bayan da aka gane cewa dandamali da labule da rubutaccen littafi ba su ne ke haifar da wasan ba. A ƙasar Hausa, rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sun zo ne a ƙarni na 20, alhali kuwa tashe, wato wasannin da yara da samari ke yi gida-gida a dararen watan azumi, ya daɗe yana cika sharuɗɗan fasahar ba tare da kowa ya ba shi wannan suna ba. Yaron da ya manna auduga a haɓarsa, ya duƙa a kan sanda yana rawar jiki irin ta tsoho, ya san shi ba tsoho ba ne, matan gidan da ke dariya suna miƙo masa hatsi su ma sun sani, kuma wannan sani da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa shi ne asalin wasan.

Bori ne ke gwada ƙarfin wannan ma'auni. Wasu manazarta sun sanya shi cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya saboda yana da kiɗan garaya da goge, da sutura ta musamman, da 'yan kallo, da halaye sanannu, kamar Malam Alhaji mai tari da jan carbi, ko Ɗan Galadima mai facaka da dukiya. Sai dai wanda iska ta hau, wanda ake kira doki idan namiji ne, goɗiya idan mace ce, bai yarda cewa yana kwaikwayo ba, haka ma masu neman magani a wurinsa, domin a ganinsu iskar ce da kanta ta sauko take magana. Kiran bori wasa danne shaidar masu abin ne, ko da kuwa mai nazarin bai gaskata aƙidarsu ba, kuma adalcin ilimi bai yarda da hakan ba. Ranar da ɗalibai suka ɗauki motsin nan suka nuna shi a dandalin jami'a, to a ranar ya zama wasa, domin yarjejeniyar da ke tsakanin mai yi da mai kallo ta sauya ko da motsin bai sauya ba.

Fim ɗin bidiyo na Hausa kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990 a Kano, ya riƙe wannan yarjejeniya amma ya rasa haɗuwar ido da ido, ta yadda dariyar mai kallo ba ta iya sa ɗan wasa ya ƙara ko ya rage komai, abin da ke sa ya fi dacewa a ɗauke shi ɗan'uwan wasan dandali mai cin gashin kansa.