Kunya da miki a al'aura

Ya 'yan'uwa Musulmi na Filinge da ƙasar Kurfai, akwai maganar da dattawa ke kawo mana a asirce bayan an watse daga masallaci: miki a kan mazakuta wanda ya ƙi warkewa, yana jini ko ɗoyi, har ya ɓata wa mutum tufafin salla.

Galibin irin wannan ba ciwon daji ba ne. Amma idan ya wuce mako 4, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, wajibi ne likita ya gani. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ɗebi ɗan ƙanƙanin nama an bincika. Kaciyar ƙuruciya tana rage hatsarin, ba ta kawar da shi; shan taba kuwa yana ƙara shi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne magani a ɓoye. Wani ya kai wa wanzami ya tsaga, wani ya ƙona wurin da kanwa ko ruwan batir. Sai fata ta ƙone, tabo ya ƙuntata hanyar fitsari, cutar kuwa tana ci ta ƙarƙashi, har a kai ga yanke gaɓar da a da ake iya ceto.

Malaman fiƙihu sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon larura. A fara da asibitin Filinge. In ya kama, su tura mutum Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta fara gashi da haske a 2021.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.