Takarda Ko Gwaninta?

Masu iya magana sun ce gemu ba ya hana ilmi. Gaskiya ne, sai dai ba su faɗi ƙofar da mai gemu zai ƙwanƙwasa ba, ga su kuwa da yawa. Jami'ar Ibadan ta fara karatun manya tun 1949, tana kwaleji. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, tana koyar da zane da sassaƙa. Ga kuma azuzuwan yamma a unguwanni.

Zaɓin babba ya bambanta da na yaro. Yaro, wasu ke biya masa. Magidanci kuwa daga tukunyar gidansa yake yanko kuɗin makaranta, daga hirar iyalinsa yake yanko lokacin karatu. Ashe zaɓinsa amana ce.

To, takardar shaida zai nema, ko gwanintar hannu? Wanda rashin takarda ya hana shi ƙarin girma a ofis bai yi laifi ba in ya neme ta, muddin hukuma ta amince da makarantar. Wanda zuciyarsa ke ga zane shi ma yana da hujja, in zanen zai iya ɗaukar nauyinsa. Abin zargi shi ne mai shiga aji don a ce ya shiga, alhali 'ya'yansa na zaune gida saboda kuɗin makaranta.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka cike fom, tambayi waɗanda za su yi ƙarancin tuwo dominka.