Bangon Alƙibla Ya Tona Mana Asiri

 

'Yan uwa, yau zancen fenti zan yi. Na san wani zai ce Malam ya rasa abin faɗa ne, ga halin da Safana da Batsari suke ciki, sai a koma maganar bango? Ku yi haƙuri ku karanta. Halin da ake cikin ne ma ya kawo tambayar.

Wani bawan Allah ya tsaya ni bayan sallar isha'i. Yana da gida nan Runka, ɗaki biyu da zaure, yana so ya sayar ya koma Katsina wajen 'ya'yanshi. Bangon baya yana shan ruwa duk damina, kuma akwai tsaga daga bakin taga har ƙasa. Dillali ya ba shi shawara a cusa siminti a tsagar, a watsa fenti, kuɗin gidan zai tashi. Na ce mashi wa zai saya? Ya ce wani mutum ne daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, ya sayar da sauran shanun da suka rage mashi, yana neman inda zai ajiye iyali cikin gari. Sai ya ce: "Malam, ni fa ba ƙarya zan yi ba. Fenti kawai zan yi. Fenti haramun ne?"

Kafin in gaya maku amsar da na ba shi, bari in fara da laifina, don kada a ce liman yana wa'azi daga kan tudu.

Sha'aban ɗin bara muka tara kuɗi don gyaran masallacinmu. Har tsofaffi mata sun aiko da nasu a ƙulle cikin leda. Bangon gabas, na alƙibla, shi ya fi lalacewa ta waje, aka yi mashi sabuwar filasta. Magini ya ce a bar ta ta sha iska kamar sati huɗu kafin a shafa komai. Ni ne na ce a'a. Ina so ranar da za a fara tarawihi mutane su tarar da masallaci yana ƙyalli. Kwana biyar da filasta aka hau fenti, ga ƙurar hunturu ba ta gama wucewa ba, ga rana ta fara zafi. Mun kuma matsa wa mai fentin a kan kuɗin aiki har ya karɓa yana ƙunƙuni, shi kuma ya rama a cikin bokiti: ruwan da ya zuba ya kusa kai fentin yawa. Ranar farko ta azumi kowa yana ta masha Allah. Hadari uku ko huɗu aka yi a watan Yuli, bangon ya fara kumbura kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Kafin Satumba ya fita yara suna ɓare shi da farce. Kuɗin tsofaffin nan ya bi ruwa, kuma gaggawata ce sila. Na faɗa a gaban kwamiti, ina kuma faɗa a nan.

Tun daga nan na zauna da masu sana'ar na yi ta tambaya, kamar yadda muke zama gaban malamai a jami'a. Abin da na fahimta shi ne fenti ba ya riƙe bango, bango ne ke riƙe fenti. Sabuwar filasta cike take da ruwa da kaifin siminti. In ka rufe ta da wuri, ruwan sai ya nemi hanyar fita, sai ya ɗaga fentin ya fito da shi. Fenti mai kyau wanda aka yi don waje, a kan busasshen bango mai tsabta, aka yi shafin farko don ya kama sannan aka bi da shafi biyu, yana iya kai shekara 5 zuwa 7 a irin ranarmu. Fentin ruwa mai araha na cikin ɗaki kuwa, in ka kai shi waje, damina ɗaya ko biyu ce ajalinsa. Ƙara ruwa kaɗan gwargwadon abin da aka rubuta a jikin bokiti ba laifi ba ne. Wuce wannan, don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu alhali an karɓi kuɗin biyu, algus ne, daidai da na mai zuba ruwa a nono.

Kuma kowane bango da maƙiyinsa. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ke shan dukan ruwa, kuma a ƙasarmu shi ne bangon alƙibla. Na yamma rana ce ke cinsa daga azahar zuwa la'asar sakaliya, har launi ya koɗe, kuma launi mai duhu ya fi saurin koɗewa. Amma babban mugu shi ne danshin da ke hawowa daga ƙasa. Yadda lagwani ke jan kananzir, haka bulo ke jan ruwa in ba a sa abin da zai tare shi a harsashi ba, ko in ruwa na kwanciya a gindin bango. Za ka ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga ƙasa zuwa gwiwa. Wannan ko fentin da ya fi kowanne tsada ka shafa, zai tofar da shi. Namu masallacin, indararo ne ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango, ga wurin alwala manne da kusurwa. Ba mu taɓa ko ɗaya ba, muka tafi sayen launi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na karanta wannan mas'ala tun ina ɗalibi. Imamul Bukhari ya kawo, a babin gina masallaci, cewa masallacin Annabi (SAW) da tubalin ƙasa aka gina shi, rufinsa ganyen dabino, ginshiƙansa kututturan dabino. Da Sayyidina Umar (RA) ya zo faɗaɗa shi, a shekara ta 17 bayan hijira, umarnin da ya ba mai aikin shi ne ya yi abin da zai kare mutane daga ruwan sama, ya kuma gargaɗe shi da ja da rawaya don kada hankalin masu sallah ya rabu. Ku lura da jerin. Ruwa ya fara ambata, launi kuwa kashedi ya yi a kansa. Mu muka juya abin. Ba wai gyara gini da ƙarfafa shi laifi ba ne, ai Sayyidina Usman (RA) da ya zo ya gina bangon da duwatsu masu ado, ya yi rufin da katako mai ƙwari. Maganar ita ce mi aka sa a gaba.

Iyayenmu ma ba su karanta Bukhari duka ba, amma sun san wannan a aikace. Gidan ƙasa, da an ɗauke ruwa za a duba soro, a gyara indararo, a yi yaɓe, a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Ba wanda yake ɗaukan yaɓe a matsayin aikin da ake yi sau ɗaya a huta. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ƙasa ce, ɗaruruwan damina sun wuce ta kanta, kuma gyara bayan gyara ne ya kawo ta yau. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Da siminti ya zo sai muka ɗauka an yafe mana kulawa. Ba a yafe ba, lokacin biya ne kawai ya ɗan yi nisa.

To, mu koma kan mai tambaya.

Na ce mashi fenti halal ne. Son gidanka ya yi kyau ba girman kai ba ne. A Sahihu Muslim akwai sahabin da ya tambaya game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, aka nuna mashi wannan ba ya cikin girman kai. Ko don za ka sayar ka yi wa gida fenti ya yi kyan gani, babu komai. Inda matsalar take shi ne fentin da aka yi don ya rufe abin da in mai saye ya gani zai fasa ko ya rage kuɗi. Wannan malaman fiƙihu suna kiransa tadlisi, wato ɓoye aibin haja. Kuma ba sai ka buɗe baki ka yi ƙarya ba. Kun san hadisin Abu Huraira (RA) a Muslim: Annabi (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka, ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan aka barrantar da mai algus daga tafarkin Annabi. Ku duba fa, mutumin nan bai furta ƙarya ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Busasshe kawai ya ɗora a kan jiƙaƙƙe. Na ce wa mai tambaya: Alhaji, mene ne bambancin wannan da busasshen fenti a kan jiƙaƙƙen bango? Ya yi shiru.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar maganar gida a dunƙule ba. Wanda ya karanta Muhtasar na Shehu Halil a zaure zai tuna an ambaci tsagar bango da sunanta. A taƙaice aibin gida hawa uku ne. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage daraja, wannan ba a komawa kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagar da ba a jin tsoron gidan zai faɗi saboda ita: ciniki yana nan, amma mai saye zai karɓi bambancin kuɗi tsakanin gida lafiyayye da mai tsaga. Sai babba, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko tsagar ta kasance a fuskar gidan: nan mai saye yana da haƙƙin mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Wannan hukuncin alƙali ke nan a duniya. Zunubin ɓoyewa kuwa yana kan wanda ya sani ya yi shiru, ko da mai saye bai taɓa kai ƙara ba.

Sai ya ce to in ya ce wa mutumin "ga gida nan, yadda ka gan shi haka na sayar maka", ai ya fita. Na ce ba ka fita ba. Aibin da ka sani, sai ka ambace shi da sunansa, ka nuna wurin, ka faɗi girmansa. Ka ce bangon nan yana shan ruwa duk Agusta, tsagar nan daga nan ta fara zuwa nan, na cike ta da siminti ranar kaza. Jimlar "yadda ka gani" bayan kai ne ka rufe abin da za a gani, wasa da hankali ne. Dillalin da ya ba da shawarar, da mai fentin da aka gaya wa dalilin aikin ya kuma yi, kowa yana da kasonsa.

Kuma ku dubi wanda za a yi wa. Mutum ne da aka raba da gonarsa, kuɗin da ke hannunsa shi ne ƙarshen abin da ya mallaka. In bangon nan ya zauna a kan 'ya'yansa cikin daren Agusta, ba shi da saniyar da zai sake sayarwa. Irin wannan ciniki yanzu ya yi yawa a garuruwanmu, sayarwa da haya duka, saboda masu shigowa ba su da zaɓi kuma ba su da lokacin bincike. Masu ba da hayar ɗaki, maganar nan har da ku.

Ku kuma masu saye, shari'a ba ta hana ku buɗe ido ba. Sabon fenti a tsohon gida, musamman in bango ɗaya kawai aka shafa, abin tambaya ne. Ƙwanƙwasa filasta da makulli, in ka ji tana amsawa kamar ganga to ta rabu da bulo. Duba gindin bango ta ciki, bayan gado da bayan buhuna. In an ba ka dama, manna 'yar leda a jikin bangon ka rufe gefunanta ta kwana, in ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta akwai danshi. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi in an yi mamako. Maƙwabcin da aka tambaya kuma ya faɗi gaskiya, wannan nasiha ce, ba gulma ba.

Af, tun da an zo maganar maƙwabta: gidaje nawa ne a unguwanninmu masu su suka tafi Dutsin-ma ko Katsina suka bar su a kulle? Gidan da ba kowa ya fi saurin mutuwa, don ba mai ganin indararo ya toshe. In kana da lambar mai gidan, kira shi ka nemi izini ka hau ka share kafin ruwa ya sauka. Aikin rabin awa ne.

Mutumin nan dai ya dawo bayan kwana biyu. Ya ce ya kai mai sayen har bayan gida ya nuna mashi, sun rage wani abu a kuɗin, za a gyara magudanar ruwa kafin a tare. Fuskarshi ba ta nuna ya ji daɗin ragin ba, ni ma ban ce mashi zai ji daɗi ba. Allah Ya mayar mashi da alheri.

Namu bangon kuwa, mun yi shawara da kwamiti ba za a sayi ko gwangwani ɗaya na fenti ba sai an canza indararo, an janye wurin alwala daga kusurwa, an kankare duk abin da ya kumbura har a kai ga filasta mai ƙwari. Sannan a bar shi ya bushe. Shafi sai bayan an ɗauke ruwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kafin ƙura ta yi ƙarfi, da safe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Za a biya mai aikin haƙƙinsa cikakke, a kuma buɗe bokiti a gaban mutum biyu. Har zuwa lokacin masallacin zai zauna da dabbare-dabbarensa, duk wanda ya tambaya a ce mashi liman ne ya yi gaggawa.

Masu ƙarfi a jika, ranar Asabar bayan sallar asuba za a fara kankara. Wanda yake da tsani ko cebur ya taho da shi.

Wallahu a'alam.